Kansila Mace Mai Fama da Ciwo: Hidimar da Ake Mantawa Bayan Sadakar Bakwai

Kansila shi ne zaɓaɓɓen da ya fi kowa kusa da talaka a tsarin mulkin Najeriya. Jihar Kaduna tana da ƙananan hukumomi 23 da mazaɓu 255, kowace mazaɓa da kansilanta ɗaya, kuma mata ƙalilan ne suka taɓa hawa waɗannan kujeru. Idan aka haɗa wannan da yadda hawan jini da ciwon suga da ciwon ƙoda da sikila suka yi katutu a cikin al'umma, sai a ga wani rukuni na masu hidima da ba kasafai ake maganarsu ba: matan da suka wakilci unguwanninsu alhali jikinsu yana neman hutu.

A unguwannin da ke arewacin Kogin Kaduna, irin su Kawo da Hayin Banki da Unguwar Shanu da Badarawa da Unguwar Dosa da Tudun Wada, aikin kansila yana farawa ne tun bayan sallar asuba. Kafin rana ta ɗaga, ƙofar gida ta cika. Wannan da takardar magani a hannu, wancan ɗansa ya kwana a ofishin 'yan sanda, ga matasa sun zo a kan taransifomar da ta ƙone, ga dattawa a kan katangar maƙabarta da ruwa ya kayar. Kowa da "Honarabul, a taimaka" a bakinsa.

Idan kansilar mace ce, jama'a ba sa tsayawa a waje. Mata suna shiga har tsakar gida, har ɗaki, su zauna a bakin gado su faɗi abin da ba za su iya faɗa wa namiji ba. Idan tana kwance ba lafiya, zuwa dubiya da kawo koke sukan zama tafiya ɗaya.

Abin da doka ta ɗora, da abin da jama'a suka ƙara

Sashe na 7 na kundin tsarin mulkin 1999 ya tabbatar da cewa zaɓaɓɓu ne za su riƙe ƙananan hukumomi. Jadawali na huɗu na kundin ya jero ayyukansu: kula da kasuwanni da tashoshin mota da maƙabartu da mayanka, kwashe shara, gyaran tituna da magudanan ruwa, rajistar haihuwa da mutuwa da aure, raɗa wa tituna suna da sa wa gidaje lamba, da kuma sa hannu a harkar makarantun firamare da kiwon lafiya.

A takarda, kansila ɗan majalisa ne. Aikinsa ya zauna da takwarorinsa su yi dokokin ƙaramar hukuma, su duba kasafin kuɗi, su sa ido a kan shugaban ƙaramar hukuma. A Kaduna ta Arewa ana wannan zama ne a sakatariyar da ke Magajin Gari. A unguwa kuwa, ba wanda ya damu da wannan rabe-rabe. Kansila shi ne mai sasanta maƙwabta a kan kwata, shi ne mai raka mai unguwa wurin hakimi, shi ake fara kira idan Kogin Kaduna ya yi ambaliya ya shiga gidaje a Kigo Road ko Rafin Guza ko Kabala.

Kuɗin yin waɗannan abubuwa ba sa hannunsa. Shekara da shekaru kason ƙananan hukumomi yana bi ta asusun haɗin gwiwa da jiha, abin da ya sa Kotun Ƙoli ta yanke hukunci a ranar 11 ga Yulin 2024 cewa a riƙa biyansu kai tsaye. Har yanzu ana ta ja-in-ja a kan yadda za a aiwatar da hukuncin. A halin da ake ciki, mafi yawan buƙatun da ake kawowa ƙofar kansila daga albashinsa yake biya, ko ya bi manya yana roƙo a madadin mutanensa.

Yadda mata suka iso nan

Matan Arewa sun makara wajen samun damar jefa ƙuri'a. Takwarorinsu na kudu sun fara zaɓe tun a shekarun 1950, su kuwa sai a zaɓen ƙananan hukumomi na 1976, bayan garambawul ɗin da gwamnatin soja ta Janar Olusegun Obasanjo ta yi, sannan kundin tsarin mulkin 1979 ya tabbatar musu da 'yancin. Ke nan ta ƙofar ƙaramar hukuma macen Arewa ta fara shiga rumfar zaɓe.

Wadda ta fi kowa shan wuya a wannan fafutuka 'yar Zariya ce, Hajiya Gambo Sawaba, wadda aka haifa a 1933. Ta shiga jam'iyyar NEPU tana yarinya, ta shugabanci reshen mata, ta je har Abeokuta ta gana da Funmilayo Ransome-Kuti. An ɗaure ta sau 16, an yi mata duka ba sau ɗaya ba, kuma raunukan da ta samu sun bi ta har ƙarshen rayuwarta. Duk da haka ba ta rufe ƙofar gidanta ba; ta riƙe marayu da 'ya'yan da ba ita ta haifa ba, ta kai matsayin mataimakiyar shugaban jam'iyyar GNPP a jamhuriya ta biyu. Ta rasu a watan Oktoban 2001, kuma babban asibitin da ke Ƙofar Gayan a Zariya yana ɗauke da sunanta.

A cikin garin Kaduna kuma an kafa Jam'iyyar Matan Arewa a 1963, ƙungiyar da ta dage a kan ilimin mata da kula da marayu. Daga cikin waɗanda suka fito daga cikinta akwai Hajiya Laila Dogonyaro, wadda ta shugabanci majalisar ƙungiyoyin mata ta ƙasa a shekarun 1990, ta rasu a 2011.

Daga baya mata sun hau manyan muƙamai a jihar. Dakta Hadiza Sabuwa Balarabe ta zama mataimakiyar gwamna a 2019, bayan ta shugabanci hukumar kiwon lafiya a matakin farko. Hukumar zaɓe ta jihar ma mace ce, Dakta Saratu Binta Dikko-Audu, ta jagorance ta lokacin da aka yi zaɓen ƙananan hukumomi na watan Mayun 2018 da na'urar jefa ƙuri'a, karo na farko a Najeriya. Amma wannan ci gaba bai gangaro mazaɓu yadda ya kamata ba. Manufar ƙasa ta 2006 ta nemi a ba mata kashi 35 cikin ɗari na muƙamai, sai ga shi ko a majalisar tarayya ba su kai kashi biyar cikin ɗari ba bayan zaɓen 2023.

Dalilan sanannu ne ga duk wanda ya taɓa shiga siyasar unguwa. Akwai kuɗin fom da na daliget. Akwai tarukan da ake yi da tsakar dare, lokacin da matar aure ba ta fita. Akwai ubangida, wanda idan bai ɗaga hannun mutum ba zancen ya ƙare. Akwai kuma baƙar magana da ake jifan duk macen da aka ga hotonta a bango. Wadda ta tsallake duk wannan ta ci zaɓe, ta riga ta nuna ba ƙaramar jaruma ba ce tun kafin a zo batun lafiyarta.

Ciwon da ba ya jiran a tashi daga taro

Cututtukan da ake rayuwa da su tsawon shekaru sun yawaita a Najeriya fiye da yadda mutane suke zato. Ƙiyasi ya nuna kusan mutum uku cikin goma na manya suna da hawan jini, da yawansu ba su ma sani ba. Masu ciwon suga sun kai miliyoyi. A fannin sikila kuwa, wadda ake kira amosanin jini, Najeriya ce kan gaba a duniya: ana haifar jarirai kusan 150,000 da ita duk shekara, kuma kusan mutum ɗaya cikin huɗu yana ɗauke da ƙwayar halittarta ba tare da ya yi ciwon ba.

Kowace daga cikin waɗannan tana karo da aikin kansila ta fuskarta. Mai ciwon suga ana so ta ci abinci a kan lokaci, ta sha magani ko ta yi allura a kan lokaci. Taron siyasa kuwa a kira shi ƙarfe goma na safe, a fara bayan azahar, a tashi bayan magariba, abin da za a raba kuma lemon kwalba ne da biskit. Ta ci, suga ya hau. Ta ƙi ci bayan ta sha magani, suga ya faɗi, jiki ya ɗauki rawa, gumi ya karyo, idanu su fara ganin duhu a gaban jama'a.

Mai sikila abokan gabarta su ne sanyi da ƙishirwa da gajiya da zazzaɓin cizon sauro. Yawon kamfe gida-gida a rana, ko zaman makoki a kan tabarma da sanyin hunturu, ya isa ya tayar da ciwon. Idan ya tashi, ƙashi ne yake sara kamar ana buga guduma, kuma sau da yawa sai an kwantar da ita an ƙara mata ruwa, wani lokaci har da jini, kafin ya lafa. Kwana uku ko mako guda sun tafi ke nan, ba tare da wani gargaɗi ba.

Wadda ƙodarta ta gaza ita ce ta fi shiga tsaka mai wuya. Wankin ƙoda sau biyu ko uku ake yi a mako, kowane zama yana cin kusan awa huɗu a jikin na'ura, kuma mutum yakan tashi a galabaice. An ƙayyade mata ruwan da za ta sha da gishirin da za ta ci. A irin wannan hali ne waya take ta ƙara a gefen gado, ana tambaya ko Honarabul za ta zo rabon taki ko ɗaurin auren 'yar shugaban jam'iyya na mazaɓa.

Mai hawan jini kuma likita yakan ce ta rage damuwa, ta samu barci. Kujerar da take kai ba ta san wannan ba.

Magani daga aljihu

Kaduna ta fi garuruwa da yawa samun asibitoci. A arewacin kogi kaɗai akwai Asibitin Koyarwa na Barau Dikko, da Asibitin Yusuf Ɗantsoho a Tudun Wada, da babban asibitin Kawo, da asibitin sojoji na 44, ga kuma Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello a Shika idan abin ya fi ƙarfin nan. Gwamnatin jihar ta kuma ɗauki tsarin gyara ƙaramin asibiti ɗaya a kowace mazaɓa cikin 255.

Matsalar ita ce biya. Fiye da kashi 70 cikin ɗari na abin da ake kashewa a kan lafiya a Najeriya daga aljihun marar lafiya da danginsa yake fitowa. Tun daga 2023, da aka cire tallafin mai kuma darajar naira ta faɗi, farashin allurar insulin da magungunan hawan jini da na asma ya ninka, wasu ma fiye da haka, musamman bayan kamfanin magunguna na GSK ya sanar da daina harkarsa kai tsaye a ƙasar. Wankin ƙoda sau ɗaya yakan ci naira dubu hamsin ko fiye a wurare da dama. Jihar tana da hukumar inshorar lafiya ta KADCHMA, tarayya kuma ta yi dokar inshora ta 2022 da ta wajabta wa kowa shiga, amma irin waɗannan tsare-tsare sukan iyakance abin da suke biya a kan manyan cututtuka.

Albashin kansila kuwa yana da masu shi tun kafin ya shigo. Nan ne kansila mace mai ciwo take shiga wani hali na musamman: kuɗin maganinta na wata da kuɗin tiyatar haihuwar wata maƙwabciya daga jaka ɗaya suke fita. Da yake ta san asibiti ciki da waje, ta san wace nas ce za ta saurara, wane kanti ne maganinsa ya fi sauƙi, jama'a sun fi kawo mata matsalar rashin lafiya fiye da yadda suke kai wa takwaranta namiji. Hausawa sun ce ciwon 'ya mace na 'ya mace ne, kuma a nan maganar tana da farashi. Ba abin mamaki ba ne ta jinkirta nata gwajin don ta biya na wata.

A faɗa ko a rufe?

Ra'ayi ya rabu a kan ko ya dace mai neman kujera ya bayyana ciwonsa. Masu cewa a faɗa suna kafa hujja da abin da ƙasar ta gani a zamanin Shugaba Umaru Musa 'Yar'aduwa. Ya tafi jinya Saudiyya a watan Nuwamban 2009 ba tare da ya miƙa mulki a rubuce ba, ƙasa ta zauna cikin ruɗani har majalisa ta ɗora Goodluck Jonathan a matsayin muƙaddashi a watan Fabrairun 2010, shi kuma ya rasu ranar 5 ga Mayun wannan shekara. A ganinsu, mazaɓa ma ƙaramar ƙasa ce. Idan wakiliyarta ta kwanta wata uku, ba mai magana da yawun mutanenta a Magajin Gari.

Masu cewa a rufe su ma ba su rasa hujja ba. Sun san cewa a siyasar unguwa, da zarar an ji mace tana da ciwo, abokan hamayya sun samu makami. Za a shiga gida-gida ana cewa "wannan ai ba ta da lafiya, kada ku yi asarar ƙuri'arku". Idan sikila ce, ƙyamar takan wuce kanta ta shafi auren 'ya'yanta da ƙannenta. Don haka wasu suke zuwa asibiti a ɓoye, su ce sun yi tafiya.

Akwai kuma 'yan uwa da likitoci, waɗanda damuwarsu dabam ce. Su dai su ga ta huta. Lafiya uwar jiki ce, in ji su, kujerar kuma ta shekara uku ce a Kaduna, kamar yadda zaɓukan 2018 da 2021 da 2024 suka nuna. Mutane da yawa suna tuna Farfesa Dora Akunyili, tsohuwar shugabar hukumar NAFDAC, yadda ta halarci babban taron ƙasa na 2014 a rame saboda ciwon daji, ta miƙe ta yi jawabi, sannan ta rasu a Indiya a watan Yunin shekarar. Wasu sun ga kishin ƙasa a wannan fitowa, wasu sun ce da an bar ta ta yi jinya.

Idan aka auna, laifin bai kamata ya hau kan marar lafiya ba. Hawan jini da suga da sikila ba sa hana tunani ko gaskiya ko riƙon amana, kuma an sha ganin masu ƙoshin lafiya da ba sa leƙa mazaɓarsu sai zaɓe ya ƙarato. Abin da ya kamata a gyara shi ne tsarin da ya sa ɓoyewa ta fi faɗa riba. Da majalisun kansiloli suna da ƙa'ida bayyananniya a kan hutun jinya, da wanda zai karɓi koken mazaɓa kafin mai kujera ta dawo, da tabbacin cewa kwanciya asibiti ba za ta zama hanyar ƙwace kujera ba, da tsoron ya ragu.

Abin da unguwa take samu

Akwai ayyukan da kansila mace take iya yi waɗanda namiji ba ya iyawa, saboda ita tana shiga gidan da aka rubuta "ba a shiga". Ita ce za ta zauna da uwar gida ta shawo kanta a kan allurar rigakafi, ta lallashi miji ya bar matarsa ta je awon ciki, ta gane yarinyar da aka cire daga makaranta. Idan kuma ita kanta mai jinya ce, maganarta a kan gwajin jini kafin aure ko auna hawan jini tana da nauyin da ta ma'aikacin lafiya ba ta da shi, domin masu sauraro sun san ba a littafi ta karanta ba.

Domin ƙara yawan mata a irin waɗannan kujeru, maƙwabciyarmu Nijar ta gwada hanyar doka. Tun shekarar 2000 ta ware wa mata kaso a kujerun zaɓe, aka fara da kashi 10 cikin ɗari, aka kai shi 25 a 2019, abin da ya sa mata suka yawaita a majalisun garuruwa irin su Maraɗi da Damagaram kafin gwamnatin soja ta rushe majalisun a 2024. A Najeriya kuwa majalisar tarayya ta yi watsi da ƙudurorin ware wa mata kujeru a watan Maris na 2022.

Bayan an tashi daga zaman makoki

Idan kansila ta rasu, unguwa takan yi mata abin da ya dace. A yi jana'iza, a zauna makoki, a yi sadakar uku da ta bakwai, shugaban ƙaramar hukuma ya zo da tawagarsa, matasa su sa hotonta a Facebook da "Allah ya ji ƙanta, ya sa jinya ta zama kaffara". Mata su yi ta ba da labarin wadda ta biya wa kuɗin asibiti da wadda ta sasanta da mijinta. Bayan arba'in sai hankali ya koma kan wanda zai gaje kujerar.

Abin da ta yi ba irin wanda ake sa wa allo ba ne. Rijiyar burtsatse ko kwalbati idan an samu, sunan gwamna ko na ɗan majalisa ake rubutawa a jiki. Sasanci da rakiya asibiti da roƙon alfarma kuwa a bakin mutane kawai suke zama, su tafi tare da masu ba da labarin.

Titunan Kaduna sun adana sunayen manyan Arewa: Ahmadu Bello, Ali Akilu, Isa Kaita, Yakubu Gowon. Wannan daidai ne. Amma ikon raɗa wa titi suna na ƙaramar hukuma ne a tsarin mulki, kuma lunguna marasa suna ba sa ƙirguwa a Hayin Banki da Unguwar Shanu da Badarawa. Haka ma ƙananan asibitocin mazaɓu da ajujuwan firamare. Ba ya buƙatar kasafi mai yawa a sa wa ɗakin haihuwa na wata mazaɓa sunan matar da ta yi shekaru tana kai mata can.

Majalisun kansiloli na Kaduna ta Arewa da Kaduna ta Kudu za su iya farawa da abu uku da ke hannunsu: su tattara sunayen duk matan da suka wakilci mazaɓunsu tun 1976 tare da ayyukansu, su tabbatar kowane kansila mai ci yana cikin inshorar lafiya, su kuma rubuta ƙa'idar hutun jinya a dokokin zamansu. Masu unguwanni da ƙungiyoyin mata irin su Jam'iyyar Matan Arewa da FOMWAN su taimaka da tattara bayanan tun dattawan da suka san waɗannan mata suna raye.